Yadda ake koyar da zane da ƙira da motar kara

Da kaka ta yi, aka girbe dawa, yaran karkara da na gefen birni kan shiga ƙera motar kara ba tare da kowa ya sa su ba. Waɗannan yaran su ne za ka tarar a aji huɗu suna kwafar ma'anar fasaha daga allo, su haddace, su zuba a jarrabawa. Alhali manhajar da hukumar NERDC ta sabunta a 2012 ta sa kimiyya da fasaha tun daga aji ɗaya. Ingila ma, wadda ta wajabta darasin zane da ƙira a makarantunta tun 1990, a kan abu uku ta gina shi: yaro ya tsara, ya ƙera, ya gwada. Na tsakiyan yaranmu sun iya shi. Aikin malami shi ne ya ƙara musu na farko da na ƙarshe, kuma darasi huɗu sun isa.

Da farko malami ya ba da aiki mai sharaɗi. Idan ya ce "ku yi mota" kawai, zai samu motoci masu madubi da eriya da lamba, amma ba mai motsi. Sai ya ce: mota ake so wadda za ta ɗauki kwalin ashana cike da tsakuwa, a sake ta daga kan gangare, ta yi tafiyar mita biyu ba ta karkace ba, kuma tsawonta kada ya wuce santimita 20. A rubuta sharuɗɗan a gefen allo, kada a goge su har a gama. A raba ajin gungu-gungu, mutum biyar ko shida. A nan malami ya buɗe ido, don in aka bar yara su raba aiki da kansu, maza za su kame kayan aiki su bar wa mata riƙon littafi.

Kafin a taɓa kara, a fita waje a duba abin da ke da taya. Baro yana nan, kurar mai ga-ruwa tana wucewa, amalanke ma ba ya wuyar samu. Tambayar da za a yi musu guda ce: me ke juyawa, me ke tsaye? A amalanke sandar da ke ɗauke da tayoyi a kafe take, tayoyin ne ke juyawa a kanta. Akwai kuma hanya ta biyu, inda ake manne tayoyin a jikin sandar, ita sandar ta riƙa juyawa cikin bututu. Kowane gungu ya zaɓi ɗaya, ya faɗi dalilinsa.

Sai zane, kuma nan ne rigimar take. Yara ba sa son sa, hannunsu ƙaiƙayi yake yi. Amma malami ya tsaya kai da fata: ba zane, ba kara. Hoto biyu ake so, ɗaya yadda motar take in an kalle ta daga gefe, ɗaya daga sama, da awon kowane ɓangare da rula, da sunan abin da za a yi shi da shi. Kyan zanen ba shi ne abin dubawa ba. Tela ma da alli yake shata yadi kafin ya sa almakashi. Abu ɗaya da malami zai kiyaye shi ne kada ya zo da tasa motar da ya ƙera a gida ya ɗora a tebur. Ranar da ya yi haka, motoci goma sha biyu zai samu duk irin tasa.

Kayan aiki ba sai an je wa hedimasta da takardar neman kuɗi ba: busasshen karan dawa, kwali, marafan robar ruwa ko na lemo, tsinken tsire, bututun biro da tawadarsa ta ƙare, zare, da tsohon silifas ga masu son yanka manyan tayoyi. Huda marfi da ƙusa mai zafi aikin malami ne shi kaɗai. Tsinin tsinken tsire a datse shi tun kafin a raba. Reza kuma kada ta yi yawo daga hannu zuwa hannu, tsohuwa mai tsatsa ma kada ta shigo ajin.

Wurin haɗawa, abu biyu ne ke kashe yawancin motocin. Na farko ramin taya. In bai faɗa daidai tsakiya ba, motar za ta riƙa ɗingishi. Marfin roba sau da yawa yana da ɗan tabo a tsakiyarsa daga masana'anta, sai a huda nan. Ga tayar silifas ko ta kwali, a yanko takarda daidai girmanta, a ninka biyu, a sake ninkawa, inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya. Na biyu, sandar gaba da ta baya. Tazarar da ke tsakaninsu ta ɓangaren dama dole ta zo daidai da ta hagu, in ba haka ba motar za ta yi ta kwana kamar an murɗa mata sitiyari. Malami ya daure ya riƙe bakinsa. Idan yaro ya zo ya ce, "Malam, tamu karkacewa take yi," sai ya miƙa masa rula ya ce, "Auna nan, ka auna can, ka dawo ka gaya mini."

Ranar gwaji a samo falankin katako, a ɗora kansa a kan bulo ɗaya, a shata layi da alli a inda kowace mota za ta tashi. Sakinta ake yi, ba a turawa, kuma sai an sa ido, don akwai yatsan da ya ƙware wajen taimaka wa mota a ɓoye. Kowace ta sauka sau uku, a auna, a rubuta a allo. Daga nan tambayoyi za su taso da kansu. Me ya sa motar su Hauwa ta wuce mita biyu, ta su Sani mai kyan fenti ta tsaya a rabi? A juya motar a duba: wataƙila tayar tana gugar jikin kara, ko tsinken da ke ɗauke da tayoyin ya matse cikin bututu. A goga ɗan kyandir ko sabulu a jikin tsinken a sake gwadawa, sun ga amfanin man giris ke nan da idonsu. Lissafi ma yana shigowa ba sallama. Marfi mai faɗin santimita 3 yana cin kusan santimita 9 da rabi a juyi ɗaya, tayar silifas mai faɗin santimita 6 kuma kusan 19. A ɗiga tawada a bakin tayar a gangara ta kan takarda, su auna tazarar ɗigon da kansu.

Darasi na huɗu na gyara ne, kuma ƙa'idarsa abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Gungun da ya sauya tayoyi, ya shafa sabulu, ya kuma rage kaya duk a tashi ɗaya, ko motar ta ƙara gudu ba zai san wanne ya yi aikin ba. Bayan gyaran a koma kan zanen farko, a nuna abin da aka sauya da jan biro.

Wajen ba da maki, ni dai ra'ayina rabin makin ya tafi ga zanen da bayanin da gungun ya yi a gaban aji. Motar da ta tsaya a mita ɗaya, masu ita suka iya cewa sandar baya ce ta goce da rabin santimita, ta cancanci maki fiye da wadda ta kai bango amma da gani ka san yayan wani ne ya ƙera ta a gida.