Ciwon da ya daɗe: me ya sa likita ba ya saurin rubuta tramol?

Ƴan uwa manoma, idan damina ta kama a Dawce da ƙauyukan kewayen Matamai, aiki yana yawa: huɗa, shuka, noman fari da maimai. Bayan girbi kuma ga aikin rake da na lambu. Shekaru suna tafiya, baya da gwiwa suna ɗaukar nauyi, har ciwo ya zauna. Mutum ya je gidan likita ya nemi tramol, a hana shi, ya koma gida yana cewa likita marowaci ne. Darasinmu na yau zai bayyana dalilan likitoci.

Ciwo iri biyu ne

Akwai ciwon farat ɗaya, kamar karaya, ƙuna ko ciwon bayan tiyata. Wannan yana wucewa idan rauni ya warke. Akwai kuma ciwon da ya wuce wata 3 bai tafi ba, kamar ciwon baya da ciwon gaɓɓai. Shi ne ciwo mai daɗewa.

Tramol, wanda sunansa na likita tramadol, da kodin da morfin duk dangi ɗaya ne, dangin ofiyam. Suna aiki a ƙwaƙwalwa, su dushe jin zafi. Ba sa gyara ƙashi ko gaɓar da ta lalace.

Dalilan likitoci

1. Amfaninsu yana raguwa. Jiki yana sabawa da su. Ƙwaya ɗaya da ta isa bara, bana sai biyu ko uku. A shekarar 2018 an fitar da sakamakon wani bincike a Amurka a kan mutum 240 masu ciwon baya, kwankwaso ko gwiwa. An bi su wata 12. Waɗanda aka ba dangin ofiyam ba su fi masu shan sauran magungunan ciwo samun sauƙi ba.

2. Suna kama mutum. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Wanda ya saba, ranar da bai sha ba sai zufa, hamma, gudawa, ciwon jiki da rashin barci. Sai ya zaci tsohon ciwonsa ne ya taso, alhali rashin ƙwayar ne.

3. Suna da haɗari. Likita ba ya wuce miligiram 400 na tramadol a yini ga babban mutum. Ƙwayar asibiti yawanci miligiram 50 ce ko 100. Amma ta masu talla a kasuwa takan kai 200 ko 225. Biyu daga mai 225 sun riga sun wuce iyaka. Yawansa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma iya tsayar da numfashi.

4. Sun ga abin da ya samu wasu. A Amurka, tun daga 1996 aka riƙa rubuta wa masu ciwo mai daɗewa wani magani mai suna OxyContin ba tare da taka-tsantsan ba. Mutane da yawa suka kamu. A 2021 sama da mutum 80,000 suka mutu a can saboda ƙwayoyin wannan dangi, na asibiti da na bayan fage. A maƙwabciyarmu Najeriya, gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a riƙa ba da dangin ofiyam don ciwon baya mai daɗewa.

Ba hani ne gaba ɗaya ba

Likitoci suna da wata damuwa kuma: kada tsoro ya sa a bar mai ciwo cikin azaba. Mai amosanin jini idan ciwonsa ya tashi, ko wanda aka yi wa tiyata, ko mai ciwon daji, yana da haƙƙin a ba shi magani mai ƙarfi. Idan likita ya rubuta, yakan fara da kaɗan, na ƴan kwanaki, ya ce a dawo ya duba.

Abin da ya kamata mu yi

Mu je gidan likita a binciki tushen ciwon. Mu faɗi gaskiyar abin da muke sha, domin likita ba alƙali ba ne. Farasitamol ko ibuprofen sukan taimaka, amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mace mai juna biyu kada su sha ibuprofen sai da izinin likita. Mu riƙa tafiya da motsa jiki, don doguwar kwanciya tana ƙara ciwon baya. In za mu ɗaga buhu, mu lanƙwasa gwiwa, kada mu sunkuya da baya. Wanda ya riga ya saba da tramol kada ya bari rana ɗaya. Likita zai rage masa sannu a hankali.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Wata nawa ciwo zai yi kafin a kira shi mai daɗewa?
2. Me ya bambanta ƙwayar asibiti da ta kasuwa?
3. Wace shawara za mu ba ɗan uwan da ba ya iya fita gona sai ya sha tramol?