Yadda Za Ka Zuba Namun Dajin Arewa a Wasan Jan Dodo

Kafin intanet ta game duniya, a Amurka mutum kan ajiye kwamfuta ɗaya a gidansa ya haɗa ta da layin tarho, wasu su riƙa kiranta da nasu kwamfutocin suna barin saƙo. Ana kiran wannan tsari BBS, wato allon sanarwa, kuma Ward Christensen da Randy Suess ne suka buɗe na farko a Shikago a 1978. Masu allunan sukan maƙala wasanni a gefe, waɗanda ake kira wasannin ƙofa, domin allon yana miƙa mai kira ga wata manhaja, in ya gama ta dawo da shi. Cikin waɗanda suka yi fice akwai Legend of the Red Dragon, LORD a taƙaice, wanda Seth Robinson ya fitar a 1989, ya kuma sayar wa kamfanin Metropolis Gameport a 1998.

Wasan rubutu ne zalla. Kana shiga daji ka yi faɗa, ka tara zinari, ka sayi makami, ka hau matakai goma sha biyu har ka fuskanci Jan Dodo. Don haka tsohuwar kwamfutar da aka jingine a wani shago a Matankari ta Nijar ma ta ishe shi, kuma da manhajar allo irin Synchronet ko Mystic da ƙaramar na'urar Wi-Fi, samarin unguwa za su iya shiga daga wayoyinsu ba tare da sayen data ba. Abin da ke rage armashi shi ne dajin cike yake da baƙin halittu masu sunayen Turanci. Ga yadda ake sauya su.

Mataki na 1: Nemo ɗakin dodanni

Buɗe manhajar DOSBox. Idan babban fayil ɗinsa yana C:\LORD, rubuta mount c c:\lord, sannan c:, sannan dir. In allon rubutunka irin na Faransa ne mai farawa da AZERTY, kamar mafi yawan waɗanda ake samu a Nijar, rubuta keyb fr tun farko, in ba haka ba ka danna A ka ga Q. Fayil ɗin da kake nema shi ne LENEMY.DAT. Rubuta girmansa a takarda.

Mataki na 2: Rufe ƙofa, ajiye kwafi

Tabbatar babu kowa a cikin wasan. Sai ka rubuta copy lenemy.dat lenemy.bak, ka kuma kai wani kwafin kan filashi, saboda wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar adanawa.

Mataki na 3: Zaɓi manhajar gyara

Masu sha'awar wasan sun rubuta ƙananan manhajojin gyaran dodanni da dama. Duk wadda ka samu, karanta takardar da ke tare da ita ka ga ko ta dace da zubin wasanka, misali 4.00a ko 4.07. Zuba ta cikin ɗaki ɗaya da LENEMY.DAT ka kunna. Kada ka buɗe fayil ɗin da Notepad ko Word: kowane dodo yana da gurbi mai ƙayyadadden tsawo, harafi ɗaya ya ƙaru duk na bayansa sun goce daga layi.

Mataki na 4: Duba gurabe bakwai

Kowane dodo abu bakwai ne: suna, makami, ƙarfi, lafiya, zinarin da yake bari, ƙwarewar da yake bayarwa, da jimlar da ke fitowa idan ya mutu. An jera su mataki-mataki, kimanin goma-goma. Kafin ka taɓa komai, ɗauki littafin makaranta ka kwafe lambobin mataki na ɗaya da hannu. A nan za ka ga ƙaramin ɓarawo, tsohon mutum, babban ɓera kore, ƙaton sauro da wani jarumi mai suna Bran. Wannan jeri shi ne ma'auninka har ƙarshen aikin.

Mataki na 5: Sunaye da makamai

Nan ne daɗin yake, kuma babu abin da zai lalace. Mataki na ɗaya ya dace da abin da yaro ke haɗuwa da shi tsakanin gida da gona: kunama da harbinta, zanzaro, karen farauta da ya ɓace wa ubangijinsa, ɓarawon awaki da gorarsa, ƙarangiya mai maƙale wa wando. A tsakiya sai dila, kasa, kububuwa, mugun dawa da haurensa, ɗan fashi mai barandami, kura. Manyan matakai na ƴan tatsuniya ne, Dodo mai cin mutane da Botorami, Gizo kuma ka ajiye shi inda ake bukatar abokin gaba marar ƙarfi sosai amma mai dukiya, don ai da wayo ya tara ta. Gungun fara da tsuntsaye jan baki ma sun cancanci babban mataki, duk manomin gero a Dallol Mawri zai yarda.

Akwai sunayen da a ganina ba a sa su a wannan jeri. Duk abin da ka rubuta a nan, abin kashewa ne sau da yawa a rana. Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, Bauran Bagaji, dutsen Tunguma, Sarkin Arewa da Matankari ta kasance tsohon mazauninsa, da iskokin da ƴan bori ke girmamawa, ba namun daji ba ne. Haka sunan maƙwabci ko na wani gari, ko da da sunan wasan taubasai ne. Wasa a baki yana wucewa, wanda aka rubuta a allo kuwa kullum yana nan.

Abu biyu game da rubutu. Haruffan DOS ba su san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba, saboda haka ka rubuta su babu lanƙwasa, ko ka zaɓi kalmar da ba ta da su. Na biyu, wasan yana gane launi da wata ƴar alama mai kwantawa baya, wato `, wadda a allon AZERTY take kan maɓallin 7 tare da AltGr. Idan ka sa `4 rubutu ya zama ja, `2 kore, `% fari. Kada ka rikita ta da waƙafin sama na kalma irin ma'aikaci, don wasan zai ɗauke ta umarni. Gurbin suna da na makami haruffa 60 ne kowanne, alamomin launi ma ana ƙirga su, amma gajeren suna ya fi, tunda faɗin allon haruffa 80 ne kuma sunan a tsakiyar jimla yake fitowa. Sauran jimlolin faɗan da Turanci za su ci gaba da fitowa, sai ka saba da ganin Kura a tsakiyarsu.

Mataki na 6: Jimlar mutuwa

Haruffa 100 kake da su. Ɗan wasa zai karanta jimlar sau ɗari, don haka a guji dogon kirari. Ga kunama: "Ta nade wutsiya, ta ce gobe a takalminka za ta kwana." Ga ɓarawon awaki: "Ya saki igiya yana rantsuwa tsintar akuyar ya yi."

Mataki na 7: Lambobi

A nan yawancin masu gyara ke kashe wasansu. Sabon ɗan wasa yana farawa da lafiya 20 da ƙarfi 10. Sanda, makami mafi araha, zinari 200 ce, wuƙa kuwa 1,000. Yana bukatar ƙwarewa 100 kafin ya ƙalubalanci Halder, malaminsa na farko a makarantar Turgon, kuma in mai allo bai sauya ba, faɗa 15 yake da shi a daji kowace rana. Yi lissafi da waɗannan. Ka ba kunama ƙwarewa 50, faɗa biyu sun kai yaro gaban Halder. Ka ba ta zinari 5,000, ya tsallake sanda da wuƙa a ranar farko, wanda ya riga shi shiga da mako guda yana kallo. Ka ba ta ƙarfi 40 kuma, bugu ɗaya na iya kai shi ƙasa, wanda ya mutu kuwa sai gobe yake dawowa, bayan ya rasa zinarin da ke hannunsa.

Hanya mafi aminci ita ce ka ɗora sabon suna a kan tsofaffin lambobi: kunama ta gaji sauro, ɓarawon awaki ya gaji ƙaramin ɓarawo. In hannunka na ƙaiƙayi, kada ka fita daga tsakanin mafi rauni da mafi ƙarfi na matakin, kuma lada ya bi wahala. Ka bar wa kowane mataki dodo ɗaya ko biyu da suka fi ƙarfin ɗan wasa kaɗan. Kamar filin kokawa ne, in an san mai kayarwa tun kafin a kama, ƴan kallo watsewa suke. Waɗannan ƙarfafan su ke koya wa mutum gudu, su ke sa ya kai kuɗi banki kafin ya koma daji.

Mataki na 8: Adana ka gwada

Adana, fita, rubuta dir. In girman LENEMY.DAT ya bambanta da wanda ka rubuta a takarda, manhajar ta ɓata shi, mayar da kwafinka da copy lenemy.bak lenemy.dat. In daidai yake, shiga wasan daga kwamfutar kanta da sabon ɗan wasa, ka ƙare faɗan rana ɗaya kana lura da launi, da inda layi ya karye, da abin da ya rage maka na lafiya da zinari. Don gwada manyan matakai, ɗaga ɗan wasan gwajin da manhajar gyaran ƴan wasa, kuma ka share shi bayan ka gama.

Mataki na 9: Lokacin sakin su

Sauyin suna ana iya yin sa kowace rana. Sauyin lambobi kuwa a jira sai an sake zagaye daga farko, a kuma rubuta sanarwa a allo kwana ɗaya kafin nan, don kada wanda ya kai mataki na takwas da tsohon lissafi ya ga na bayansa suna hawa da sabo.