DARASI GA MATASANMU: Mu Koyi Sauraron Juna a Makaranta



A watan Maris na 1987, gardama ta tashi a kan wa'azi tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya, har Funtuwa da ke maƙwabtaka da mu. Aka yi hasarar rayuka, aka ƙone ɗakunan ibada. Lalle baki shi ke yanka wuya.

Amma daga cikin matasa kuma Allah ya fito da magani. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, kowannensu ya taɓa jagorantar matasan addininsa a Kaduna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuwa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka yarda su zauna da juna, daga bisani suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai.

Mu ma a 'Yankara, Faskari da Sabuwa muna da raunukanmu. Ba mu manta da ɗalibai fiye da 300 da aka sace a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020 ba. Inda tsoro ya yi yawa, zargi yakan biyo baya: wannan Bafulatani ne, wancan Bamaguje ne. 'Ya'yanmu kuwa suna ɗaukar waɗannan maganganu daga gida zuwa aji.

Mu dubi Ubangijinmu a bakin rijiya (Yohanna 4). Yahudawa da Samariyawa ba su ga maciji, duk da haka shi ya fara roƙon matar ruwan sha. Ya saurare ta, ya kuma faɗa mata gaskiya ba tare da wulaƙanci ba.

Saboda haka muna roƙon ɗalibanmu Katolika su fara ɗaga ƙafa. Ku nemi izinin shugaban makaranta, ku gayyaci 'yan'uwanku Musulmi ku zauna. Kowa ya yi magana a kan bangaskiyarsa kaɗai, kada ya taɓa abin da wani yake girmamawa. Kafin ka mayar da amsa, maimaita abin da ɗan'uwanka ya faɗa har ya yarda ka fahimce shi. In rai ya ɓaci, a tashi, a sake zama wata rana.

Iyaye, mu kiyaye harshenmu a gabansu, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu zaman lafiya. Amin.