Kafin Ka Sa Hannu, Ɗana

Ɗana, mahaifiyarka ta nuna mini zanen dodanni da mayaƙa da kake yi, ta ce wani kamfanin wasanni ya fara nemanka. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sa albarka. A kan iya zane ba ni da abin da zan ƙara maka. Takardar da za su miƙo maka ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wata baiwar Allah a birnin Shikago na Amurka, Margaret Brundage, wadda ta fara zana bangon mujallar Weird Tales a 1932. Mujalla ce ta labaran tsafi da abubuwan ban tsoro, kuma bangon nata ne ke jawo masu saye. Ta yi musu bango 66, ana ba ta dala 90 a kan kowanne, da su take riƙe da gida. Da alli mai launi take aiki, abin da ko yatsa ya shafa sai ya ɓaci, shi ya sa da kanta take kai zanen ofis. A 1938 aka sayar da mujallar, ofis ya koma New York, zanenta kuwa ba ya jure wahalar hanya. Aiki ya yi ta ja baya har ya ƙafe, ta rasu a 1976 cikin talauci. Ba gwaninta ta rasa ba, ƙofa ɗaya ta dogara da ita. Har yau in na tuna ta raina yana sosuwa.

Shi kuwa Frank Frazetta, wanda zanensa na jarumi Conan a bangon littattafai ya fito da shi tun daga 1966, Allah ya haɗa shi da mace mai hangen nesa. Matarsa Ellie ta tsaya kai da fata: mai buga littafi ya buga, amma ainihin zanen ya dawo gida. Ta riƙa buga fosta tana sayarwa ta gidan waya, daga baya ma suka buɗe gidan adana zanensa a jihar Pennsylvania. Wani zane da ya yi wa bangon mujallar Eerie a 1969 an yi gwanjonsa a 2019 a kan dala miliyan 5.4, shekara tara bayan rasuwarsa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mujalla tana mutuwa, kamfani yana canja hannu. Mujallar Dragon, inda irin su Larry Elmore suka yi suna da zanen wasan Dungeons & Dragons, tun 1976 take fitowa, amma a 2007 aka daina buga ta a takarda.

Ban ce ka yi wa mutane taurin kai ba, kai da kake farawa. Yawancin kamfanonin wasa a yau su ke riƙe haƙƙin mallaka, wannan ba za ka iya canja shi ba. Amma tambaya ba rashin kunya ba ce. Ka nemi sanin ko an yarda ka sa aikin cikin kundin da kake nuna wa masu ba da aiki, ko sunanka zai fito a jiki, ko za ka iya buga kwafi ka sayar. Kamfanin da ke yin wasan kati na Magic: The Gathering yana rubuta sunan mai zane a ƙasan kowane kati, yana kuma ba shi wasu katunan masu farin baya da zai sa wa hannu ya sayar wa masoya. Ka ga ashe ana yi.

Kuma tunda a kwamfuta kake aiki, ka riƙa yin wasu da fenti a kan takarda, don ka sami abin riƙewa a hannu. In takardar tasu ta iso, kada ka sa hannu a ranar. Ka kai wa lauya ya karanta maka, kuɗinsa a wuyana.