Babban Gwani: Gwanin da Muke da Shi a Zariya

A darasin zane-zane akan ba mu sunaye mu haddace: Leonardo da Vinci, Michelangelo, Raphael. Mukan rubuta su a jarrabawa mu ci maki. Amma idan malam ya ce a kawo sunan magini ɗaya ko mai zane ɗaya da ya rayu a ƙasar nan shekara ɗari biyu da suka wuce, sai aji ya yi tsit. Darasinmu na wannan mako a kan dalilin wannan shirun ne.

Mu fara da can. Abin da Turawa ke kira Renesans, wato sake haihuwa, zamani ne da zane da sassaƙa da gini suka bunƙasa a biranen Italiya, musamman tsakanin 1400 da 1600. Cibiyarsa ita ce birnin Fulorans. Matafiyin da ya doshi garin, abin da zai fara hangowa shi ne ƙatuwar ƙubbar babban cocinsu, wadda Filippo Brunelleschi ya gina daga 1420 zuwa 1436. Faɗinta kusan mita 45 ne, kuma ya ɗora ta ba tare da ya kafa katakon da zai tallafe ta daga ƙasa ba. A birnin Rum kuwa, Michelangelo ya kwashe daga 1508 zuwa 1512 a kan dandamali, kansa a ɗage, yana zana rufin ɗakin ibada na Sistin. Irin wannan zanen a kan ɗanyen shafe ake yin sa. A shafe iya wurin da za a gama a yini guda, a sa launi kafin ya bushe, sai launin ya shige cikin bangon. In an yi kuskure, sai an kankare an sake.

To, me ya sa duniya ta san sunayensu? Gwaninta ce, amma ba ita kaɗai ba. A 1550 wani mai zane, Giorgio Vasari, ya buga littafin tarihin masu zane da magina na Italiya. Ya bi garuruwa yana duba ayyuka, yana tambayar wa ya yi wannan, wa ya koya masa, wa ya biya kuɗin. Masana sun kama shi da kurakurai da fifita mutanen yankinsu, amma dai ya rubuta, kuma har yau da littafinsa ake farawa. A ganinmu aikin ɗan jarida ya yi.

Yanzu mu dawo gida. Wanda ya tashi daga Kakuri ko Barnawa ya haye gada, ya shiga mota a Kawo, tafiyar kusan kilomita 80 ce za ta kai shi Zariya. A cikin birni, daura da fadar Sarkin Zazzau, akwai masallacin Juma'a da aka gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Magininsa Muhammadu Durugu, wasu na kiransa Malam Mika'ilu, amma sunan da ya bi shi shi ne Babban Gwani. Har yau akwai unguwa mai wannan suna a birnin Zariya.

Domin mu gane girman aikinsa, sai mun san matsalar da ya fuskanta. Ba shi da siminti ko ƙarfe. Abin da ke hannunsa tubali ne da ƙasa da azara, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Ita azara, in aka gitta ta aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta ɗaukar tazarar da ta wuce kusan mita biyu. Yaya za a rufe ɗakin da ɗaruruwan mutane za su yi sahu a ciki? Dabarar maginan Hausa ita ce bakan gizo. Akan dasa azara a jikin bango ko ginshiƙi, a ɗaura wata a kanta ta ɗan ƙara leƙowa, hawa bisa hawa, daga wannan gefe da wancan, har su haɗu a sama. Sai a lulluɓe da ƙasa. Idan bakuna suka gitta juna, a kansu ake ɗora tulluwa. Babban Gwani bai ƙirƙiro wannan dabara ba, amma ya kai ta inda ba a saba gani ba: manyan ginshiƙai, bakuna suna fitowa daga jikinsu kamar rassa, kowanne da zanensa. Shi ma wannan zanen da hannu ake fitar da shi tun ƙasar tana ɗanya, kafin ta bushe ta ƙi. Ashe tseren da mai zanen Rum ya yi da bushewar bango, maginin Zariya ma ya yi shi.

Akwai labarin da ake bayarwa cewa bayan ya yi wa Sarkin Birnin Gwari gini, sai aka kashe shi don kada ya yi wa wani sarki irinsa. Labarin baka ne, kuma a matsayin haka muka kawo shi. Abin lura shi ne, ɗan abin da aka riƙe game da rayuwar mutumin da ya yi wannan aiki yawancinsa irin wannan ne, domin bai sami Vasarinsa ba.

Ga wani bambancin kuma. Zanen jibin ƙarshe da Leonardo ya yi a bango a birnin Milan ya fara ɓarewa tun yana raye. Italiyawa suka zauna suna gyaransa a hankali daga 1978 har 1999. Namu masallacin, a shekarun 1970 aka gina sabon na siminti aka rufe abin da ya rage na tsohon a cikinsa. Daga waje ba za ka san akwai wani abu ba, sai ka shiga. Mai son ganin yadda siffarsa take a da, sai ya je Jos, inda aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya, bisa awon da wani masani ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi.

Wanda ya je Zariya kada ya dawo bai biya ta Wusasa ba. Cocin Bartholomew da ke can, na wajen 1929, da ƙasa aka gina shi bisa tsarin ginin Hausa, da bakunansa. Mu da muke zaune aji ɗaya, Musulmi da Kirista, ya kamata mu ga wannan da idonmu. A Zariyan ne kuma, a 1958, wasu ɗaliban zane, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Turai ba, za su haɗa da abin da suka gada.

Hutu ya kusa, kuma da yawanmu za mu tafi garuruwanmu. Duk wanda ya ga tsohon zaure ko soro mai zane, ya gaida dattijon gidan, ya tambayi wa ya gina, a zamanin wane sarki, a wurin wa ya koyi gini, kuma ko akwai jikansa da ke sana'ar. A nemi izini kafin a ɗauki hoto. A rubuta amsar yadda aka faɗe ta, da sunan garin da ranar, a miƙa wa sakataren ƙungiya a makon farko na komawa. Za mu riƙa liƙa su a wannan allo, ɗaya bayan ɗaya.