Hanyar hatsi da hanyar labari

Ɗan'uwa mai karatu, ka san hanyar da ta taso daga Damagaram, ta bi ta Bakin Birji, ta ratsa Tanut, ta wuce Adarbisanat har Agadas. Daga Damagaram zuwa Tanut wajen kilomita 150 ne. Wannan hanya ta girmi mota. Tun zamanin kakanni ayarin raƙuma ke bin ta. Abzinawa su kawo gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsin Damargu. Shi ya sa ake kiran Damargu rumbun Abzin.

Abu biyu ke tafiya bisa hanya: kaya da labari. In yaƙi ya tashi, kowane ɓangare yana son ya riƙe su duka biyu. Mayaƙi ba ya faɗa da yunwa a cikinsa, don haka yana buƙatar hanyar abinci. Yana kuma buƙatar mutane su yarda cewa shi ke da nasara, don haka yana buƙatar hanyar labari.

Zamanin Kawsan

A watan Disamba na 1916, Kawsan da mayaƙansa suka shiga Agadas. Sarkin Agadas Tagama ya goya masa baya. Sojojin Faransa suka shige barikinsu, aka kewaye su. Cikin abin da ya fusata Abzinawa har da raƙumansu da Nasara ke karɓewa da ƙarfi don ɗaukar kayan soja.

Daga ina taimako ya zo wa Faransawa? Daga kudu. Runduna ta taso daga Damagaram, ta ratsa Damargu, ta isa Agadas ran 3 ga Maris na 1917. Turawan Ingila da ke mulkin Najeriya su ma sun aiko da soja. Kawsan ya ja da baya. Ka gani, wanda hanyar kudu ke hannunsa shi ya rinjaya.

A lokacin babu rediyo. Labari yana zuwa ne daga bakin fatake, ko a wasiƙa da Larabci. Kafin ya iso ƙauye, ya bi baki goma, kowane baki ya ƙara masa gishiri.

Zamanin rediyo

An yi tawaye a arewacin Nijar daga 1990 zuwa 1995, aka sa hannu kan sulhu ran 24 ga Afrilu na 1995. A 2007 wata ƙungiya mai suna MNJ ta sake ɗaukar makamai. Aka binne nakiyoyi a kan hanyoyin arewa. Motocin kaya suka koma tafiya a jere, soja gaba, soja baya. A watan Janairu na 2008 ƴan MNJ suka kai hari cikin garin Tanut, suka tafi da perefe. Sai a 2009 ƙura ta lafa.

To, yaya labari ya kasance a wannan lokaci? Gwamnatin Tandja Mamadou ta ce waɗannan mutane ƴan fashi ne da masu safarar ƙwaya. Su kuma suna saka sanarwarsu a intanet, suna cewa haƙƙin mutanen arewa suke nema. Bayan gwabzawa, kowa ya faɗi yawan waɗanda aka kashe, sau da yawa lissafin biyu bai zo ɗaya ba.

Ƴan jarida kuma an hana su zuwa fagen fama. A 2007 an dakatar da jaridar Aïr Info ta Agadas, an rufe rediyon Faransa RFI na wata guda. Wakilinsa Moussa Kaka an kama shi a watan Satumba na 2007, ba a sake shi ba sai Oktoba na 2008. Saboda haka wanda ke karanta maka labari a rediyo, galibi shi ma bai ga abin da idonsa ba. Abin da wani ɓangare ya gaya masa yake maimaitawa.

Ina ruwanka da wannan?

Da ruwanka ƙwarai. A ce ran kasuwar Belbeji wani ya ce: "An rufe hanyar Agadas, babu motar da za ta zo ɗaukar hatsi." Ka tsorata, ka sayar da tiyarka a wulaƙance. Kwana uku sai ga motoci sun zo. Ka yi asarar guminka na damina. Ko kuma a ce hanya lafiya lau, alhali akwai nakiya, ɗanka yaron mota ya bi ta. Mafi muni, a ce ƴan ƙabila kaza ne suka yi ɓarna, ka ɗauki gaba da maƙwabcin da kuke shan rijiya ɗaya, shi kuwa bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Yadda za ka auna labari

Na ɗaya, tambayi wa ya faɗa. Mai labari na gari yana cewa: "In ji kakakin soja," ko "In ji ƴan tawaye." Labarin da ya fara da "an ce" ba shi da uba.

Na biyu, ya gani ko ya ji? Gani ya kori ji.

Na uku, kada ka tsaya ga tasha ɗaya. Saurari biyu ko uku. Inda bakinsu ya zo ɗaya, nan za ka fi dogara. Inda suka saɓa, ka dakata.

Na huɗu, tambayi hanya. Je tashar mota. Motoci nawa suka iso daga arewa yau? Direban da ya kwana Adarbisanat jiya ya fi mai magana daga nesa sanin halin hanyar. Amma shi ma iyakar inda ya bi ya sani.

Na biyar, tambayi kanka wa zai ci riba in ka yarda. Mai son sayen hatsinka da araha yana jin daɗin tsoronka.

Yanzu labari na shigowa ta wayar salula, da murya da hoto. Hoton yaƙin wata ƙasa na iya zuwa maka da sunan garinku. Tambayoyin nan biyar ba su canja ba. In ba ka tabbatar ba, kada ka tura wa kowa. Ke ma ƴar'uwa, a bakin rijiya ko gidan suna, wannan gargaɗi naki ne.

Tambayoyi

1. Me Abzinawa ke kawowa Damargu, me suke komawa da shi?
2. Ta ina rundunar Faransa ta bi zuwa Agadas a 1917?
3. Me ya sa lissafin ɓangarori biyu yake saɓawa a lokacin yaƙi?
4. Rubuta tambayoyi uku da za ka yi wa wanda ya kawo maka labarin hanya.