Darasi: Tsaunin Mambila Amana Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku ɗalibai, ku sani Allah Maɗaukakin Sarki Ya umurce mu a Suratul Ankabut, aya ta 20, da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi halittarSa. Ashe ke nan yawon buɗe ido, idan niyya ta gyaru, ya zama neman ilmi.

Misalinmu a yau shi ne tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba, iyaka da Kamaru. Babban garinsa Gembu. Ƙasa ce mai sanyi da ciyawa kore shar, da garkunan shanu, da gonakin shayi a Kakara. Kusa da nan gandun dajin Gashaka Gumti yake, wanda aka kafa a 1991. A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda babu kamarsa tsawo a Nijeriya.

Zuwan baƙi alheri ne. Mai masauki zai samu, mai tuwo za ta samu, haka ɗan acaba da mai nuna hanya. Saurayin da ya sami abin yi a gida ba zai gudu birni ba.

To amma fa akwai matsaloli. Hanyar hawa tsaunin karkatacciya ce, da damina sai an yi da gaske. Idan baƙi suka yi yawa, sai a ƙara saran itace don girki da jin ɗumi. Itace in ya ƙare, ruwan sama ya kwashe ƙasa, ƙoramu su ƙafe. Leda kuma da ake yarwa, saniya ta haɗiye ta mutu. To in dajin ya tafi, me baƙon zai zo gani?

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Gobe zai wuce, mai gida shi zai zauna da abin da aka bari. Saboda haka haƙƙin baƙo shi ne ya kwashe shararsa, ya sayi kayan mutanen gari da farashin adalci, kada ya ɗauki hoton kowa sai da izini. Mai gida kuwa ya karrama baƙo, kada ya cuce shi, kada ya sayar da dajin jikokinsa don kuɗin yini guda. Ku tuna Suratul A'araf, aya ta 56, ta hana ɓarna a bayan ƙasa.

Aikin gida: ku tambayi iyayenku wane itace ne ya ɓace a garinku, kuma me ya jawo haka.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.